Rawar Tantani

Asibitin Marwa, ƙarfe biyu na rana.
An ɗauke wuta, fanka ta yi shiru.
Na ɗiga jinin Sajo a kan gilashi,
na sunkuya bisa madubin awo
da ɗan hasken da batir ya rage mini.

Ga jajayen ƙwayoyi kamar faya-fayai,
gefen kowace yana ɓari.
Ba iska a ciki, ba mai kaɗa musu kalangu.
Ɗumi ne kawai:
ruwan da ke kewaye yana ta dungurinsu
ta nan, ta can, ba sallama,
tantanin ya lotsa, ya taso, ya lotsa,
kamar fuskar Mayo Kaliyawo ran da ruwa ya dawo.

Malaminmu a Ngaundere ya ce maiƙo ne,
shimfiɗa biyu,
kawuna na kallon ruwa, wutsiyoyi sun ɓuya a tsaka.
Na rubuta, na ci jarrabawa, ban gane ba.
A ƙwaryar Goggo Jebba na gane.

Man shanunta da asuba dunƙule ne,
sai an sa yatsa an ƙwaƙula.
Kafin ta kai Domayo ya saki jiki.
Ba a ƙara masa komai ba,
hantsi ne ya ɗan ɗaga.
Tsakanin daskarewa da narkewa
akwai wani ɗan lokaci
da tsibirai masu tauri ke yawo cikin narkakken,
biyu su gamu su zama ɗaya,
wani ya tsuke bakinsa kamar jakar zuge,
ya yi ƙugu, ya tsinke, ya kama gabansa.
Goggo takan ce, “Yanzu ne ba ya jin magana,”
ta rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Na juya madubin kaɗan.
A kusurwar hagu ga wasu sun lanƙwashe kamar lauje,
sun ƙame.
Ruwan na dungurinsu yadda yake dungurin sauran,
ko gezau.
Na ƙirga su har sau uku,
wai ko lissafin zai ji tausayina.

Baban Sajo na bakin ƙofa,
yana juya makullin babur a yatsa.
Jiya ya ce mini, “Ai yaron ba ya ko rawar jiki.”
Da wane baki zan gaya masa
cewa a ƙarƙashin gilashin nan
masu rawar su ne lafiyayyu?

Wuta ta dawo.
Fanka ta ɗaga takardar sakamakon,
na danne ta da kwalbar rini,
ban sa hannu ba tukuna.