Alli da Kananzir

A Ƙofar Wambai na same shi, jingine da bango,
tsakanin matacciyar fanka da tarin takalman gwanjo,
keken tsere, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago,
shuɗin fentinsa ya koɗe.
Na ɗaga shi da yatsu uku.
Jakar littattafan 'yan ajina ta fi shi nauyi.

Tasi'u ya ce, "Malam, alminiyam ne, ba ya tsatsa.
Wani tsoho ne ya hau shi a can, shi ma sai ran Lahadi."
Na ce to.
Duk keken da ya ƙetaro teku, tsoho ne ya hau shi.

Na kifa shi, sirdi a ƙasa, ƙafafu a sama,
na juya tayar baya, na kafa mata ido.
Tana ɗan rausaya, tana shafar birki ta wuce,
wannan aikin sifana ne da haƙuri.
Na ja sarƙa, ta taso daga haƙoranta,
haƙoran kuwa sun yi tsini, sun ci zamaninsu.
Na girgiza feda, na kasa kunne:
boris na gunaguni, yana neman giris.
Duk na lissafa a raina,
dubu kaza nan, dubu kaza can,
ban ga abin da ya fi ƙarfin albashin wata ba.

Har na fara ganin kaina a titin Katsina da asuba,
daga Kurna zuwa makaranta,
ina wuce 'yan adaidaita suna cacar baki a kan canji.

Sai na tuna Baba Mamuda na Fagge,
wanda na riƙe wa famfo ina ɗan shekara tara.
Yakan ce, "Ƙarfe in zai mutu yana jinya,
ya lanƙwashe, ya yi kuka, ka kai shi walda.
Sanholo kuwa ba ya sallama.
Lafiya lau da safe, da la'asar kana ƙasa."

Na bi kowane ɗinkin walda da ɗan yatsa,
wuya, ƙugu, gindin sirdi.
A ƙarƙashin wuya akwai sitika sabuwa fil,
ita kaɗai ce sabuwa a jikinsa.
Na ce zan ɗaga. Tasi'u ya dubi wayarsa.

Layi ne siriri, bai kai gashin gira ba.
"Ƙarcewar fenti ce," in ji shi, "wallahi a kwantena."
Na roƙi ɗigon kananzir wurin mai shayi,
na shafa, na goge,
na murtsuke guntun allin da ke aljihuna a kai.
Muka tsaya, ni da shi da yaron shago.
Farin ya zauna shiru,
sannan a hankali layin ya jiƙe, ya fito baƙi,
kamar amsar da yaro ya goge amma ta ƙi ɓata.

Ba wanda ya ce komai.
Can Tasi'u ya ce, "Ni ma haka aka sayar min."
Na yarda da shi, rabi.

Ya rage dubu goma, ya ƙara rage biyar.
Na ce ba kuɗin ba ne,
haƙorana na gaba nake ciniki.
Ya yi dariya, ya mayar da sitikar, ba ta kama ba.

Na tari adaidaita a bakin titi.
Har Kurna hannuna na warin kananzir,
yatsun nan uku kuma
ba su manta rashin nauyinsa ba.