Wandon Tela

Ni mai auna ƙugun mutane,
shekara ashirin a bakin kasuwar Wunti,
ban taɓa ɗora tef a nawa ba
sai ran da na sunkuya ɗaukar allura,
wando ya ce ɓarat a gaban yaran shago.

Arba'in da shida. Na sake aunawa.
Tef ba ya karɓar cin hanci.

Ɗanjuma mai gyaran waya ya ce, Oga,
ka daina tauna, ka riƙa sha kawai.
Ya nuna mini hoton wani, jiya tulu, yau sillen kara.
Na ɗauki injin markaɗe bashi,
na nufi Muda Lawal da buhu a kafaɗa:
kankana, karas, kokwamba,
abarba mai ƙamshi, citta mai hawa kai.

Ranar farko kore na sha, ta biyu ja,
ta uku wani launi da ba a raɗa wa suna ba.
Cikina na kuka kamar keken da ya rasa mai.
Ta biyar na ɗinka wa Malam Gidado
aljihu a gadon baya.
Ta shida aka ɗauke wuta,
na zauna ina kallon kankana tana kallona,
na manta Allah ya ba ni haƙora.

Kwana tara, kilo huɗu suka yi sallama.
Na rage wandona inci biyu,
na sa almakashi na datse rarar, na watsar,
abin da ban taɓa yi wa mai kawo ɗinki ba.

Rana ta goma iska ta biyo ta rumfar Inna Lantana,
tanda na tsuwa, masa na juyi.
Ƙafata ta riga ni yanke shawara.
Sha huɗu na ƙirga, sannan na bar ƙirga,
miyar taushe har gwiwar hannu.
Kafin wata ya mutu kilo huɗun sun dawo,
har da baƙo suka zo mini.

Inna ta dube ni ta saman hayaƙi.
Ta ce, Tela, kai da sanin yadi,
wane ɗinki aka tsuke haka bai yage ba?
Ni mai sayarwa ce, ciniki nake so,
amma huɗu sun ishe ka.
Sauran wurin ka bar wa zogale.

Yau wata bakwai ke nan.
Masa huɗu. Ranar Juma'a shida, ba na ɓoyewa.
Kwaɗon rama da rana, wake in ya samu,
lemon kwalba na bar wa baƙi.
Sukarin shayi daga cokali uku zuwa ɗaya
ya ci mini wata biyu da tsaki mai yawa.
Kankana da wuƙa nake yanka ta,
in tauna, in tofar da 'ya'yan.
Tuwo malmala ɗaya, kafin a kira isha.
Daga Fadaman Mada da ƙafa nake zuwa shago,
'yan acaɓa sun gaji da yi mini hon.

Ran sunan jikar maƙwabcina na zame,
na ci kamar gobe za a hana.
Da gari ya waye na ɗora daga inda na tsaya.
Ba a yar da riga don zare ɗaya ya tsinke.

Jiya tef ya ce arba'in da uku.
Ba wanda ya lura
sai Uwani da ramin bel ɗina.
Injin yana kicin, tattasai take niƙawa da shi,
saura dubu huɗu in gama biya.

Wandon kuwa, rabin inci na rage.
Na kalmashe rarar daga ciki,
na mayar da almakashi aljihun tebur.