Ƙugiya a Wutsiyar Kalma

A Yelwan Yawuri, ranar raba azuzuwa,
Malam Nagwari ya ɗaga takarda:
"Masu kimiyya dama, masu arts hagu."
Na bi hagu da gudu,
aljihuna cike da gawayi,
ni da na zana kwalekwalen Baba a bangon zaure
har Inna ta ce saura kaɗan ya jiƙa mata daɓe.

Zango ya ƙare, ban ga alli mai launi ba.
Tarihi, Adabi, Gwamnati, Larabci.
Na ce, "Malam, yaushe za a fara zane?"

Ya yi dariya har hula ta goce.
Ya rubuta art a allo:
"Wannan naka ne, kifi guda a hannu guda."
Sai ya lanƙwasa harafi ɗaya a wutsiyarsa,
s, kamar ƙugiyar mamari:
"Wannan kuwa dangi duka ya jawo."

Mu in mun ce fasaha, muka ce fasahohi,
baki kan ji nauyin ƙarin.
Su da ɗan huci suke tara jama'a.

Yau ni ke rubuta allunan shaguna a bakin tasha.
Duk sanda s ta zo hannuna
nakan ajiye burushi, in dubi mai aiki:
"Guda kake nufi, ko da yawa?"
Yakan ce, "Harafi ɗaya, nawa ne kuɗinsa?"

Ɗari biyu, ranka ya daɗe.
Ni dai shekara uku na biya.