Wurin da Na Goge

Inna, dare uku ke nan a Duluth
ina neman yadda zan gaya miki dusar ƙanƙara.

Na fara da kamantawa, ƙofar da ba ta da sakata:
tana zuba kamar audugar Funtuwa ranar awo.
Sai na dakata. Auduga ba ta taɓa cizon yatsana ba,
ba ta taɓa fitar da ni da shebur kafin asuba
in tono motata kamar mai haƙar rogo ba.
Kin gani, wata "kamar" ta sake shigowa ba sallama.

Malama Lindgren, mai koya mana rubutu ran Laraba,
ta ce in kori "kamar", in bar abu ya zama abin.
To, na kora.
Na rubuta: garin nan likkafani ne.
Na dubi layin, na tuna hawan jininki,
na goge.

Sai na ba iska hannu da baki.
Ta taso daga tabki tana dukan taga, dukan mai bin bashi,
tana kiran sunana, ita ma ba ta iya faɗarsa daidai ba.

Na ari bakin Kawu Sallau in ya dawo daga su,
shi da tarwaɗarsa kan fi kwalekwale tsawo:
a nan in ka yi wa maƙwabci sallama
daskarewa take a tsakar hanya,
sai zafi ya dawo ta narke, ya ji, ya amsa.
Wannan na bari. Na san za ki yi dariya
har ki ce Lantana ta maimaita miki.

Akwai dabarar da ba a koyarwa ran Laraba,
a bakinki na tsince ta shekarar da Baba ya kwanta:
a ɗauki dutse, a naɗe shi a kalma uku.
Da ita na rufe. Lafiya lau nake.
Na ɗauki hoton takardar, na tura.

Da safe muryarki ta iso, da carar zakara a bayanta:
"Na ji auduga, na ji mai bin bashi,
sallamar nan kuwa Sallau ya ce ka fi shi.
Amma Lantana ta ce akwai wurin da takarda ta yi duhu,
kamar an rubuta an fasa.
Ba sai ka faɗa ba.
Ka riƙa sa safa biyu."