Mai Ɗinkin Bakin Buhu

A kasuwar albasa ta Aliero
basilla ce gonata.
Buhu ya cika, in haɗa leɓɓansa in ɗinke,
ban taɓa jin wanda ya yi mini gardama ba.

Tun assalatu Arzika ya iso da amalanke.
Sunan kawai ya gada.
Wata huɗu yana kwana a fadama,
injin ban-ruwa na kwankwaɗar fetur kamar mai buɗa-baki,
iri bashi, taki bashi,
har ruwan da Allah ya ajiye a ƙarƙashin ƙafarsa
sai da ya saye shi lita-lita.

Dillali ya zo, bai ko sunkuya ba.
Da babban yatsan ƙafa ya mirgina albasa guda,
ya kara waya a kunne, ya saurari wani can Kudu
wanda bai san warin laka ba,
ya ce: yau kasuwa ta faɗi.

Ina ta faɗa?
Na waiga, rumfuna suna tsaye,
tireloli sun buɗe baki suna jiran lodi,
mai shayi bai rage ko sisi ba.
Kan mutum ɗaya ta faɗa,
ga shi nan yana murza hula.

"A ƙara mani ko kuɗin buhu, Alhaji."
Alhaji Tunau ya dubi rana, ya dubi albasa, ya yi shiru.
Ya san albasa ba ta jira,
mai taki ba ya jira,
zazzaɓin ƙaramar Arzika ba ya jira.
Haƙuri ma haja ne,
mai jari ke da shi a sito.

Na ɗinke ashirin da bakwai.
Aka jibge su a rudun Alhaji, bayan tashar mota.
Can albasa ta kwanta wata biyar,
ba ta yi noma ba, ba ta yi dako ba,
ta sha iska, har ta rame,
kuɗinta ya yi ƙiba ninki huɗu.
Wai ita ce albarkar kasuwa.

Ranar wata Laraba sai ga Ige, matar Arzika,
ta zo sayen albasar miya.
Uku aka ƙirga mata, ƙanana,
a kan kuɗin da mijinta ya sayar da kwando.
Buhun da aka farke a gabanta na gane shi,
ɗinkina ne, ƙulli biyu a kunnen hagu.
Ita ma ta gane 'ya'yan gonarta, ina ji,
don ta daɗe tana shinshina ɗaya
kafin ta kwance bakin zane.

Mutanen da suka ce
albasa ba ta yi halin ruwa ba.
Da sun ga riba!
Gumi ya haife ta, ta girma a gidan wani,
in ta gamu da ubanta a hanya
sai ta ɗage gilashin mota.

Da magariba aka ba ni ladana,
tsohuwar takarda mai ƙarnin kifi da man ja,
ta bi hannu dubu, ba ta tuna kowa.
Ba a miya da ita, ba a shuka ta,
amma saboda ita ake kwana a fadama.

Kowane baki na rufe, naira hamsin.
Nawa ne kaɗai, shekara goma sha tara,
nake rufewa kyauta.