Takardar Kaya

A Aboabo, duk fankar da ta mutu
Barira ake kai wa.
Da bakin cokali take kwance noti,
ta shinshina waya, ta ce, "Ga inda ya ƙone."

Ta nemi lantarki, na'ura ta ba ta ɗinki.
Kujera arba'in, kai ɗari shida.
Kwana uku muna layi kafin a sauya.

Sai ga takardar kaya:
takalmi mai ƙarfe a baki, rigar aiki biyu,
mita, filaya, sukundireba.
An ce karatun kyauta ne.
Haka ne. Rijiya ta bayar,
guga ya hana.

Inna ta kwance bakin zane,
cinikin koko, sidi tamanin.
Kawu Issaka ya taɓe baki:
"Makarantar hannu? Ta waɗanda suka faɗi ce."
Yana faɗa, fankar da ta tayar
tana busar masa da gumi.

Yau Litinin, an koma aji.
Tana Kejetiya da ruwan leda a ka,
idonta na kan falwaya,
inda wayoyi suka sarƙe,
tana warware su a zuci,
ja daban, baƙi daban.