Ƙidayar Dare a Lesta

Ɗakin aikina a ƙarƙashin ƙasa yake,
ba taga, ba labarin ruwan da ake yi a waje,
sai gurnanin firiji da ni.
Bututun iska ke jefo kwalabe daga bene,
fuu, ƙwas,
wasiƙun waɗanda tari ya ƙwace wa magana.

Ban san fuskokinsu ba. Jininsu na sani.

Doreen Pickering, gado na tara.
Ran Litinin, limfosait, masu gadin gidanta,
dubu da ɗari biyu.
Laraba ɗari bakwai.
Yau ɗari huɗu, kasuwa ta ga hadari ta watse.
Su kuwa nutrofil, 'yan ina-da-yaƙi, sun cika fili,
suna sara ba sa duban bakin gatari,
masu kashe gobara da suka fi wutar ɓarna.
Na raba waɗannan da waɗancan, lissafin firamare,
amsar ta nuna sama,
inda inji ke numfashi a madadin mutum.
Na riga likita sani.
Na riga 'yarta, in tana da 'ya.

Ƙarfe uku da kwata kwalba ta faɗo,
murfi shunayya kamar sauran.
Na juya ta.
Barau Ɗantsoho.

Direban bas mai lamba ashirin da biyu,
mai sayar mana da daddawa daga bayan mota ran Juma'a,
mai ce min 'yar Gusau, yaushe za ki koyi cin dankalin mutanen nan?
Korona ta same shi a bakin aiki,
yana buɗe wa jama'a ƙofa.

Inji ya ƙirga, bai ɗauki minti ba.
Ban yarda ba.
Na ɗiga jinin a gilashi, na ja shi siriri,
na rina, na jira ya bushe,
na sa ido a madubi.
Jajayen suna nan birjik, ƙosai a faranti.
Fararen nake nema.
Ɗan yatsa a kan maƙirgi, ƙyat, ƙyat, ƙyat,
carbin da ba a koya min a islamiyya ba.
Cikin ɗari, masu gadi biyar.
Na sake. Biyar.
Na sake, na ga wani a gefe, rabinsa a inuwa,
zuciya ta ce sa shi.
Hannu ya ƙi.
Jini ba ya karɓar alfarma.

Waya tana rawa a aljihun rigata.
Lantana ce, matarsa:
ke da ke ciki, kin ga wani abu?
Na gani, Lantana.
Amma doka ta ɗaure min baki da igiya biyu.
Na rubuta mata, mu dage da addu'a,
na kira bene na karanta wa nas lambar,
ta maimaita, ta gode, ta ajiye.

Kwalaben Doreen sun daina zuwa ran Asabar.
Gida ta tafi, ko ɗakin sanyi da ke ƙarshen barandarmu?
Ba mai saukowa ya gaya wa ƙasa.

Na Barau suna ta zuwa.
Ɗari uku. Ɗari uku. Ɗari biyu da tamanin,
daren da ƙwayoyin daskarar da jini ma suka fara janye jiki
na kasa shan shayina.
Dare na tara, ɗari biyar.
Na goma, ɗari shida da arba'in.
Ban yi guɗa ba, wanda ya ƙirga ya ga da yawa,
tsiro ba girbi ba ne.
Na dai rubuta lambar a hankali,
kamar mai ajiye ƙwai.

Da safe na hau ashirin da biyu.
Wani ne a kujerarsa, bayan labulen leda.
Na zauna can baya, takunkumi a fuska,
ina ƙirga fasinja ba da niyya ba.
Mu shida ne.
A tasha ta gaba wata ta shigo.